Filin Lambu: Tambayoyinku Kan Renon Okid a Tukunya Mai Ajiyar Ruwa

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga fure ɗaya, wato okid, musamman irin da masu sayar da furanni ke kira Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi. Tun da hunturu ya kama a Jos tambayoyin suka ƙaru, kuma kusan dukansu a kan saiwa suke. Mun haɗa masu kama da juna, mun rage tsawon wasu.

Assalamu alaikum. An ba ni tukunyar okid kyauta a bikin 'yata. Furen ya yi wata biyu ya zube, yanzu ganye biyar ne kawai. Maƙwabciyata ta ce akwai wasu ƙwallaye da ake zubawa a roba, a bar ruwa kwance a ƙasa, a dasa shi a ciki. Ni kuwa na sha jin cewa okid ba ya son ruwa ya kwanta masa. Yaya abin yake, kuma ta ina zan fara? Daga wata Hajiya a Rayfield, Jos.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri a auren. Ke da maƙwabciyarki duk kuna da gaskiya. Wannan okid asalinsa dazukan Kudu maso Gabashin Asiya ne, ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya, kuma a can a jikin itace yake maƙalewa, saiwoyinsa a fili, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta bi ta kansu. A tukunya abin da ke kashe saiwar shi ne toshewar iska. Ɓawon itace ko gansakukar da aka cusa masa, idan ta tsufa sai ta dagargaje ta cike 'yan ƙofofin da iska ke bi, ruwa ya zauna a wurin, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Tsarin da maƙwabciyarki ke nufi, masu sana'ar suna ce masa semi-haidiro, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa rabin-ruwa. Dabara ce ta ba saiwa danshi da iska a lokaci guda. Wani Ba'amurke mai renon okid, Ray Barkalow, shi ya yayata ta.

Ƙwallayen na yumɓu ne da aka gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,200 har ya kumbura, cikinsa ya zama kamar soso. A jikin buhu za ki ga an rubuta LECA. Ba sa ruɓewa, babu abincin shuka a jikinsu ko kaɗan, amma suna jan ruwa daga ƙasa zuwa sama yadda lagwanin fitila ke jan kananzir, tsakanin ƙwallo da ƙwallo kuwa iska ce ke yawo. Ki nemi masu girman milimita 8 zuwa 16, wato daga ƙwayar gyaɗa zuwa babbar gurjiya.

Tukunya kuwa roba ce garau wadda ake hango cikinta, tsayinta santimita 15 zuwa 18, faɗinta daidai wanda zai ɗauki saiwoyin ba tare da an bar fili mai yawa ba. Kada a huda gindinta. A auna santimita 2 da rabi daga ƙasa, a huda ƙofa biyu a gefe ɗaya, kusa da juna, kowace mai faɗin milimita 6. Ƙusa 'yar inci shida da aka gasa a wuta aka riƙe da filaya tana yin wannan aiki daidai. Abin da ke ƙasan ƙofofin shi ne ma'ajiyar ruwa. Dalilin yin su biyu shi ne ƙwallo na iya toshe ɗaya, dalilin jera su kuma don babban yatsa ya iya rufe su duka idan an zo wanke tukunya.

Kafin komai ki wanke ƙwallayen har sai jan ƙurar ta daina fita, ki jiƙa su kwana ɗaya, ki zubar da ruwan, ki sake jiƙawa kwana ɗaya. Kada ki yi ƙyuyar wannan. Sabon LECA yana zuwa da ƙura da ɗan gishiri daga masana'anta, kuma busasshen ƙwallo daga jikin saiwa zai fara tsotsar ruwa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci: lokaci. Ba a mayar da okid rabin-ruwa sai an ga sababbin saiwoyi sun leƙo daga gindinsa, masu koren baki mai sheƙi, tsawon santimita 1 zuwa 2. A Jos wannan ya fi faruwa daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyi ya ja baya, danshin farkon damina ya fara shigowa. Idan naki bai fito da su ba tukuna, ki bar shi inda yake, ki jira. Amsar tambaya ta gaba za ta nuna miki dalili.

Ranar dashen, ki tsoma tsohuwar tukunyar a ruwa mai ɗan ɗumi minti 15 zuwa 20 don saiwoyin su yi laushi, kada su karye. Ki zare shukar, ki tsince duk wani ɓawo ko gansakuka. Ki duba tsakiyar saiwoyin sosai, can ƙarƙashin gindi, domin gidajen renon da ke fitar da su sukan bar wani dunƙule mai kama da soso a wurin, kuma idan ya shiga sabuwar tukunya zai jiƙe sharkaf ya ruɓar da gindin. Ki yanke matattun saiwoyi. Ki zuba ƙwallaye har su wuce ƙofofin da santimita 2 ko 3, ki ɗora shukar, ki riƙa zuba sauran a hankali kina bubbuga gefen robar don su shiga lunguna. Ba a dannawa da hannu. Gindin ganyen ƙasa ya zo daidai da saman ƙwallayen, kada ya nutse. Saiwoyin da tun farko a iska suka girma, a bar su a waje. Ki kafa ɗan sanda ki ɗaure shukar, saboda ƙwallaye suna gangarawa, kuma sabuwar saiwa idan tana gogar ƙwallo kullum bakinta yakan mutu.

Ban ruwa: a cika tukunyar har baki da sauri, a bar ruwan ya tsiyaye ta ƙofofin. Wannan cikawar tana kore tsohon ruwa, tana kuma jawo sabuwar iska a bayanta. Ɗan ɗigawa don a ƙara abin da ya ragu a ma'ajiya kuskure ne. A Jos sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, ƙa'idar dai kada ma'ajiyar ta ƙafe.

Na mayar da okid uku rabin-ruwa a tsakiyar Disamba. Bayan mako uku ganyen ya fara yamutsewa, na ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Da na leƙa ta jikin robar sai na ga saiwoyin sun zama ruwan ƙasa, har da ɗan wari. Wanda ya sayar mini ya ce ƙwallayen ne ba su da kyau. Ina ajiye su ne a baranda. Daga wani malamin makaranta a Bukuru.

Malam, ƙwallayen ba su da laifi. Abu biyu ne suka haɗu a kan shukokinka, kuma kowanne shi kaɗai ya isa.

Na farko, saiwar okid tana girma ne daidai da wurin da ta tarar. Wadda ta fito a cikin ɓawon itace, inda ake jiƙewa a bushe, an gina ta ne don wannan rayuwar, kuma da zarar ta gama girma ba ta sauya hali. Idan aka sa ta inda danshi ba ya yankewa, sau da yawa sai ta mutu a hankali. Wannan ba abin mamaki ba ne, ko ƙwararru suna rasa wani kaso na tsofaffin saiwoyi. Abin da ke ceton shuka shi ne sababbin da suka fito a cikin ƙwallayen tun suna ƙanana, domin su da wannan danshin suka saba. To a Disamba, cikin sanyin Jos, babu sabuwar saiwa da ke tafe. Tsofaffin sun tafi, babu magaji.

Na biyu shi ne sanyi, kuma mutanen Filato ya kamata su riƙe wannan da kyau. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu da asuba sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 12. Phalaenopsis ɗan ƙasar zafi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 30, idan aka yi ƙasa da 15 ya shiga wahala. Ƙari a kan haka, ka tuna dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na kwashe shi, tana tafiya da zafin. Haka jiƙaƙƙun ƙwallayen yumɓu suke yi a busasshiyar iskar hunturu. Cikin tukunyar ya fi barandar sanyi da 'yan digirori. Saiwa mai sanyi ba ta sha, ba ta girma, tana zaune ne kawai a jiƙe, ƙwayoyin ruɓa kuma abin da suke jira ke nan.

Yamutsewar ganye ta yaudare ka, kamar yadda take yaudarar mutane da yawa. Ganye na nuna ƙishi ne, gaskiya, amma don babu saiwar da za ta kai masa ruwa.

Ga abin yi. Ka zare kowace shuka ka wanke saiwoyin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu. Launi ba shi ne ma'auni ba: saiwar da ta girma a tsakiyar tukunya inda haske ba ya kai wa takan zama fara ko rawaya, kuma lafiyarta ƙalau. Tauri ake dubawa. Mai rai tana da ƙarfi kamar ɗanyen wake a kwasfa. Matacciya idan ka matsa sai ta lotse, ruwa ya fito, idan ka ja sai fatar ta zame ta bar wani siririn zare. Wannan fatar mai kama da soso ita ake kira belamen, ita ce ke yin launin azurfa idan ta bushe, ta koma kore shar idan ta jiƙe. Ka yanke duk wadda ta lotse har zuwa inda nama yake da tauri. Sabuwar reza ga kowace shuka, ko almakashin da aka gasa bakinsa a wuta tsakanin shuka da shuka, saboda akwai ƙwayoyin bairos na okid da ke bin ƙarfe, kuma ba su da magani. Ka bar su a inuwa awa biyu ko uku wurin yankan ya bushe. Ƙwallayen ka tafasa su minti 10, su huce, sannan ka sake dasawa.

Daga nan ka shigar da su ɗaki. Ka ɗaga su daga siminti, ka ɗora kan katako, da dare ka janye su daga jikin taga. Ka zura robar a cikin wata tukunya mai kauri wadda ta ɗan fi ta girma, hakan na tare iska daga ƙofofin. Ban ruwa da hantsi, da ruwan da aka surka ya yi ɗumin da hannu ba zai ji sanyinsa ba. Wadda saiwarta ta ƙare gaba ɗaya, ka ɗora gindinta kan jiƙaƙƙun ƙwallaye, ka ɗaure ta da sanda, ka kifa mata farar leda da aka huda wurare kaɗan, ka riƙa buɗewa kullum ta sha iska. Sabuwar saiwa na iya ɗaukar wata ɗaya zuwa uku. Ganyen da ya riga ya yamutse ba lallai ya miƙe ba, a sabon ganye za ka ga sauƙin. Idan kuwa ka ja ƙaramin ganyen tsakiya ya fito da baƙin gindi, ruɓar ta kai zuciya, sai dai a jira ko Allah zai sa ta fitar da ɗa daga gefe.

Abu biyu da ake yawan ba da shawararsu a intanet, mu ba mu goyi bayansu a kan saiwa ba. Garin kirfa yana busar da ciwo, ya dace da wurin da aka yanke ganye ko karan fure, amma a jikin saiwa busar da ita yake yi har ta mutu. Haidirojin feroksaid na kemis kuma, kumfar da yake yi tana ba mutum sha'awa, sai dai yana cin lallausan bakin saiwa mai rai tare da ƙwayoyin cutar.

Akwai ragowar NPK 15-15-15 da muka sa wa dankali a gona. Zan iya jiƙa shi in riƙa ba okid? Daga wani manomi a Vom.

A'a, ka bar wa dankali abinsa. An yi shi ne don ƙasa: ba ya narkewa duka, yakan bar laka a gindin tukunya, galibi yana da gishirin kilorayid, kuma babu ƙananan sinadarai irin su ƙarfe da zink da boron, waɗanda a gona ƙasa ce ke bayarwa. A rabin-ruwa duk abin da ba ka zuba ba, shuka ba za ta samu ba. Takin kaji da na shanu ma kada su kusanci tukunyar, ruɓewa za su yi a ma'ajiya.

Ka nemi taki mai narkewa duka a ruwa wanda aka rubuta yana da ƙananan sinadarai, irin na masu noman tumatir da tattasai a gidan leda. Okid ɗan ƙaramin ci ne da shi. Abin da ake so shi ne naitirojin kashi 25 zuwa 50 cikin miliyan, abin da ake rubutawa ppm, a kowane ban ruwa. Lissafin ba wuya: giram 1 na taki mai narkewa da aka rubuta wa 20-20-20, wato mai naitirojin kashi 20 cikin ɗari, a lita 1 yana ba da ppm 200. Ke nan a jarka mai lita 20, giram 5 zai ba ka 50, giram 2 da rabi ya ba ka 25. Cokalin shayi guda a shafe, ba mai tozo ba, kusan giram 5 ne. Cikakken cokali daga Afrilu zuwa Oktoba lokacin da shuka ke girma, rabin cokali a hunturu. Adadin da ke jikin kwalin taki na wasu shukoki ne, idan ka bi shi za ka ƙona saiwa.

Mai amfani da ruwan sama sai ya ƙara abu biyu, domin ruwan sama kusan babu kalsiyam da magniziyam a cikinsa, yawancin 20-20-20 ma haka. Gishirin Epsom na kemis giram 3 a wannan jarkar ya wadatar da magniziyam. Kalsiyam kuma, duk ban ruwa na huɗu a ajiye 20-20-20, a yi amfani da kalsiyam naitiret giram 4 a lita 20 shi kaɗai. Kada a kwaɓa garin kalsiyam naitiret da gishirin Epsom tare a ɗan kofi, haɗuwa suke yi su zama farin alli da ba ya narkewa.

Ni a Abuja nake, ruwan burtsatse muke amfani da shi. Saman ƙwallayen ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa, kuma duk sabuwar saiwar da ta fito, da ta taɓa su sai bakinta ya yi baƙi ta tsaya. Ganyen dai lafiya. Daga wata ma'aikaciya a Gwarinpa.

Malama, kin kwatanta abin daidai, gishiri ne. Ruwa yana hawa ta cikin ƙwallayen ɗauke da taki da ma'adinan da ke cikin ruwan, idan ya kai sama iska ta shanye ruwan ta bar su. Kullum ana tarawa. Idan kin duba jikin robar za ki ga layi inda danshi ya tsaya, ƙwallayen ƙasa sun yi duhu, na sama sun yi haske, kuma a kan wannan layi zuwa sama gishirin yake taruwa. Nan ne kuwa sabuwar saiwa take fara sa baki. A Abuja abin ya fi tsanani daga hunturu zuwa bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau, a Maris kuma zafi ya kan haura digiri 35.

Ki kwashe ƙwallayen sama na santimita 2 zuwa 3, waɗanda saiwa ba ta kama ba, ki musanya da wankakku. Sannan ki wanke tukunyar: ki toshe ƙofofin da yatsa, ki cika da ruwa zalla har baki, ki ɗan jira, ki saki. Sau uku a jere. Ki riƙa yin haka sau ɗaya a wata, a lokacin rani duk mako biyu. Yayin da sababbin saiwoyi ke sauka, kowace safiya ki ɗan jiƙa saman da ruwa marar taki. Idan layin danshin yana tsayawa can ƙasa, tukunyar ta yi tsawo, ki koma gajera, ko ki yanka murfin roba ki rufe saman, ki bar fili a kewayen gindin shuka.

Game da ruwan, na burtsatse ya bambanta daga gida zuwa gida, sai an auna. Akwai 'yar na'ura mai kama da alƙalami da ake kira TDS, mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ana samu wajen masu sayar da kayan tace ruwa. Ƙasa da 150 yana da kyau. Idan ya haura 300 sai a surka da ruwan sama. Ki auna ruwan da kika haɗa da taki, bayan kwana huɗu ko biyar ki karkata tukunyar ki tari na ma'ajiya ki auna. Idan ya ninka, lokacin wanki ya yi. Tsamin ruwan ma abin dubawa ne, ana so pH ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya wuce 7 saiwa ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito fari-fari ko da taki na nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya: a watan Satumba ake cika durom da ruwan sama a rufe, don daga Nuwamba sai wata shekara. Ruwan farko da ya wanke kwano a bar shi ya zube. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma kusan babu gishiri a cikinsa, yana yin amfani idan bututun da tsabta, amma shi ma sai an ƙara masa kalsiyam da magniziyam.

Kada rana ta daki robar kai tsaye, ruwan ma'ajiya zai yi zafi ya dafa saiwa. Tagar gabas mai siririn labule ta fi. Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma zai zo: Phalaenopsis ba ya fitar da karan fure muddin zafi yana zaune sama da digiri 28. Yana bukatar 'yan makonni na sanyi-sanyi, rana ba ta wuce 25 sosai ba. A Jos wannan kyauta ne. A Abuja sai an yi amfani da Disamba da Janairu, a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Daga fitowar kara zuwa buɗewar fure kusan wata uku ne.

Maigida ya ce ruwan da ke kwance zai tara mana sauro. Ga kuma gansakuka ta rufe jikin robar. Daga Unguwar Rogo, Jos.

Ki gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa, amma ya sa ido kan farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. Ma'ajiyar cike take da ƙwallaye, kuma ana sabunta ruwanta kowane mako, alhali sauro daga ƙwai zuwa tashi yana bukatar mako guda zuwa kwana goma ko a lokacin zafi. Farantin da ake bari da ruwa shi ne gidan sauro, a riƙa zubarwa bayan kowane ban ruwa.

Gansakuka haske da taki ne suka haife ta. Ba ta cin saiwa, sai dai idan ta yi kauri tana toshe ƙofofi, tana kuma hana ganin ciki. A zura robar a tukunya mai duhu, cikin 'yan makonni za ta mutu da kanta.

LECA ya yi tsada, kuma sai an yi odarsa daga Legas. Babu abin da zai maye gurbinsa a nan gida? Daga wani ɗalibin aikin gandun daji a Jos.

Akwai abin gwadawa, amma a gwada kafin a sa shuka. Sharuɗɗan uku ne: kada ya ruɓe, ya ja ruwa sama, ya bar iska a tsakani. Ɓawon kwakwa ya faɗi a na farko. Tsakuwar kwankare ta faɗi a na biyu, ruwa ba ya hawanta. Gawayi yana da kyau ga okid a kwando, amma ba ya jan ruwa sosai, kuma yana riƙe gishiri. Waɗanda suka rage su ne tsingaron tukunyar ƙasa, da gutsattsarin jan bulo gasasshe, da dutsen nan mai ƙofofi ja ko baƙi da ake samu a yankin tsoffin duwatsu masu aman wuta na Panyam da Kerang a ƙaramar hukumar Mangu.

A farfasa, a tace a ɗauki masu girman santimita 1 zuwa 1 da rabi, a wanke. A cika robar da aka riga aka huda, a jiƙa duka sau ɗaya, a ajiye a inda shukar za ta zauna, kwana uku ana duba layin danshi. Idan ya tsaya kusa da sama, saura santimita 2 ko 3, ya yi. Idan a rabi ya tsaya, a rage tsayin tukunyar zuwa santimita 10 ko 12. A auna TDS na ruwan da aka jiƙa su ma, domin wani bulon yana fitar da gishiri na tsawon lokaci. Illarsu ɗaya: suna da kaifi, saiwa kuma tana manne musu sosai, ranar sauya tukunya sai an yi haƙuri da karyewar wasu. Kuma gutsattsari masu faɗi suna kwanciya kan juna su rage iska, don haka a zaɓi masu dunƙule.

Kowane irin okid ne ke yarda da wannan tsari? Na ga wasu masu fure ruwan hoda a daji wajen duwatsu farkon damina, ina so in haƙo. Daga Tudun Wada, Jos.

Ba kowane ba. Paphiopedilum da Phragmipedium, masu fure kamar takalmi, da dangin Oncidium, suna son danshi mai ɗorewa, kuma sanyin Jos bai cika damunsu kamar Phalaenopsis ba. Cattleya da Dendrobium suna yi, da sharaɗin a kama lokacin sabuwar saiwa daidai. Vanda a bar shi a rataye da saiwarsa tsirara, haka ya fi so.

Na dajin da ka gani mai yiwuwa dangin Eulophia ne. Su a ƙasa suke, suna da dunƙule a gindi, suna barci duk tsawon rani a bushe. Ka sa su inda ruwa ba ya yankewa, dunƙulen ya ruɓe. Ra'ayinmu a bar su inda suke. Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar damisa, yawan ciro shi daga jikin itatuwa ne ya sa yake raguwa a ƙasashen Afirka da dama. Duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, kuma mai son shigo da shuka daga waje sai ya nemi izinin NAQS, hukumar da ke sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi Nijeriya, tun kafin ya taso.

Okid ɗina ya shekara biyu a rabin-ruwa. Saiwoyi sun gangara har cikin ruwan, ɗaya ma ta fito ta ƙofa. In yanke su? Daga Rantya, Jos.

Kada ki taɓa su. Saiwar da ta shiga ruwa da kanta tana girma, ta gina jikinta don zama a wurin, ba kamar wadda aka tura ba. Abin lura kawai kada ma'ajiyar ta ƙafe, don waɗannan ba sa jure bushewa kamar na sama. Wadda ta toshe ƙofa, ki huda wata ƙofar a gefenta daidai tsayin na farko, da ƙusa mai zafi, a wurin da kika hango babu saiwa a bayansa. Idan tukunyar ta cika har ruwa ya daina sauka da sauri, ki jira fitowar sababbin saiwoyi, ki jiƙa ta minti 20, ki tsaga robar da almakashi maimakon ki ja shukar, ki ɗauke ta da ƙwallayen da suka manne mata zuwa robar da ta fi faɗi da santimita 2 ko 3, ki cike gefen da wankakkun ƙwallaye.